Kaskon Inna Tambaya

Shekara talatin da ɗaya ke nan katanga ɗaya ce tsakanina da Inna Tambaya a Bunguɗu, tun ina koyarwa a firamare. Ungozoma ce. 'Ya'yana uku ita ta yanke musu cibiya, kuma ba ta taɓa tambayar matata Rahila inda muke zuwa ran Lahadi ba.

An fi saninta da renon bakwaini. Tana da baƙin kasko da ta gada wurin uwarta. In ɗa ya zo kafin lokacinsa, sai ta cika kaskon da garwashi, ta toshe taga, ta naɗe jaririn cikin auduga. Haka aka yi ta raya su a zamaninmu, waɗanda Allah ya raya.

A daminar 2022 autarta Luba ta haifi namiji a wata na bakwai, aka sa masa Mahadi. Kwana hamsin da huɗu ya yi a asibiti a Gusau, da robar iska a hanci. Ranar sallama ni na raka su. Likita Sumayya, wadda ta yi karatu a Sudan, ta ce huhunsa bai ƙosa ba, ga kuma tabo, zai daɗe yana numfashi da ƙyar. Ta ce a can khadij ake kiran irinsa, huhu kuma ri'a. Na rubuta duka biyun a bayan katinsa.

Sannan ta dubi tsohuwar. "Inna, ba garwashi, ba turaren wuta. Hayaƙi kaɗan zai dawo da shi gadon nan."

"'Yar nan, tun ba a haifi uwarki ba nake hura kaskon nan."

"Na sani, Inna. Shi dai ɗumin ƙirji yake so."

Muka iso gida. Ana yayyafi, ɗakin Luba ya yi sanyi, na ga Inna Tambaya tana kallon kaskon. Can sai ta ɗauko shi, ta miƙa wa Rahila ta kan katanga.

"Ungo, ki gasa masara. Angon nawa ba ya son hayaƙi."

Wata huɗu suna karɓa-karɓa da Luba, yaron na ɗaure a ƙirji, fata da fata, cikin zane.

Mahadi yana gudu yanzu, ko da yake in an yi ruwa ƙirjinsa kan yi ƙugi. Kaskon yana wurinmu. Ba ta taɓa aikowa a karɓa ba.