Dankali Biyu a Bayan Ƙyaure

Ni da ƙanena gida ɗaya muke a ƙauyenmu kusa da Badafi, zana ce kawai ta raba sashena da nasa. Shekarar da abin ya faru muna ja-in-ja kan fadamar da mahaifinmu ya bari. Ni kuma ƙafata ta yi wata uku a kumbure, an yi magani har an gaji. Wanda ya daɗe a kwance ba ya rasa wanda zai zarga.

Wata safiya na sunkuya zan ɗauki takalmi a bayan ƙyauren ɗakina, sai ga kwanuka biyu da ruwa. Kowanne da dankali a ciki, an fere shi, an ƙwaƙule tsakiyarsa an zuba gishiri. Ɗaya ɗanye ne, raminsa ya cika da ruwa har yana neman zuba. Ɗayan dafaffe, gishirinsa na nan kusan yadda aka sa shi. A ƙarƙashin kwano akwai 'yar takarda a ninke, da rubutun boko.

Lokacin ban iya karatu ba. Ban kuma nemi mai karanta mini ba, don a ganina ba a nuna wa yara irin wannan abu. Na kwashi kwanukan, na ɗingisa har sashen ƙanena. Na same shi yana shirin fita da shanun huɗa.

Na ce, "Saboda fadama za ka kwantar da ni?"

Ya leƙa kwanukan, ya fashe da dariya. "Haba Yaya, sammu da dankali? Wannan boka lalle yunwa yake ji."

Dariyar ce ta ƙara tunzura ni. Na faɗi maganganun da ba zan rubuta su a nan ba, a gaban matarsa da 'ya'yansa. Ya daina dariya, ya yi alwala, ya ɗauko Alƙur'ani ya dafa. Na ce wanda ya iya wannan aiki rantsuwa ba ta yi masa wuya. Bayan girbi ya kwashe iyalinsa ya koma wajen surukansa a Doguwa. Ko fadamar bai sake waiwaya ba. A can ya rasu. Na je gaisuwa, na zauna a waje kamar baƙo.

Takardar kuwa na ajiye ta a akwati, wai shaida. Bara na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da muka fara haɗa baƙi da wasali, na ɗauko ta ina bi da yatsa. Daga azahar har la'asar ina kanta kafin ta fito: "Kada a taɓa. Aikin makaranta ne."

Babbar 'yata ce kaɗai ke sakandare a gidan a wancan lokaci. Yanzu tana aure a Bebeji. Na hau babur na same ta. Tana ganin takardar ta zauna a ƙasa.

"Baba, malaminmu ne ya ce kowa ya gwada a gida. Ɗakinka ne kaɗai awaki da yara ba sa shiga. Ina dawowa daga makaranta na tarar Baffa ya riga ya dafa Alƙur'ani. Tsoro ya kama ni. Kullum sai in ce gobe zan faɗa."

Ban yi mata faɗa ba. Na ce ta gaya mini abin da ake nema a ciki. Ta ce osmosis ake ce masa. Ruwa yakan ratsa naman dankali daga inda babu gishiri zuwa inda gishiri yake, muddin naman na da rai. In an dafa ya mutu, ba ya ja.

Na tono dankali biyu a gonata na nufi Doguwa. A tsakar gidan matar ƙanena na dafa ɗaya, na fere duka, na ƙwaƙule, na zuba gishiri, na sa su a kwanukan ruwa. Na karanta takardar da ƙarfi, ina tuntuɓe a kan baƙaƙe. 'Ya'yansa, duk sun zama magidanta, suna tsaye suna kallo. Muka jira har ruwa ya hau a cikin ɗanyen.

Na ce, "Kun gani. Bai yi mini komai ba."

Matar ta gyara mayafi. Ta ce, "Mu ai mun sani, Yaya. Ya dafa maka Alƙur'ani ba ka yarda ba. Sai da dankali ya gaya maka."

Na tambaya ko ya bar mini wata magana kafin ya cika. Ta ce a'a. Sai dai duk wanda ya zo daga wajen ƙauyenmu, yakan tambaye shi ko ƙafar ta warke.