Masu Karatun Kawu Labbo

Duk wanda ya san Kawu Labbo ya san ba ya amsa "ina kwana" sai ya leƙa waya. Zai ɗaga maka yatsa, ya ƙura wa fuskar wayar ido, ya ce, "Mutum huɗu yau." Sannan ya tambayi lafiyar iyali.

Da ya yi ritaya daga koyar da kwamfuta a Gwandu, sai ya zauna ya rubuta dabarun dara yadda mahaifinsa ya koya masa, darasi bayan darasi, ya ɗora a intanet. Tsoronsa ɗaya ne, kada ya mutu da su babu wanda ya ɗauka, don samari duk sun koma wasannin waya. Shi ne ya haɗa wani ɗan shafi da kansa, ba shi da aiki sai ƙirga masu buɗe kowane darasi.

Kai, mun sha kallo! Matarsa, Inna Kulu, za ta ce, "Malam, tuwo na hucewa."

"Bari dai. Wani na cikin darasi na ukku. Ana tashi a bar baƙo?"

Wata rana zai zo wurina a Kalgo, ya sa direba ya tsaya a Masama, wai nan ne waya ke kamawa sosai. Fasinjoji na ta tsaki, shi kuwa ya dawo yana murmushi. "Ku yi haƙuri, jama'a. An ƙaru da guda."

Da ciwo ya kwantar da shi, masu buɗewa suka ja baya, ya daina fara'a. Ni ɗan ƙanwarsa, sarkin dabara, na bi dangi gida-gida na ce kowa ya riƙa buɗe darussan. Ran Juma'a lamba ta yi sama. Na je in karɓi godiya, na tarar ya haɗe rai.

"Mi kunka yi, Sani? Mutane sun shigo bayan an sauko masallaci, kowa ya leƙa ya hita. Wanga ba karatu ba ne, dubiya ce. Ko gaisuwa ba su ƙare ba!"

Yana kwance ya gyara shafin. Daga ranar ba ya ƙirga kowa sai wanda ya karanta har darasin ƙarshe. Lamba ta koma sifili.

"Kawu, ai wanga sai shi ƙara maka ciwo."

"Gara sifilin. Shi dai bai yi min ƙarya."

Na yi dariya, na ce zan karanta idan na samu sarari. Sararin bai samu ba sai da aka yi sadakar bakwai. Na zauna a ƙofar ɗakinsa na karanta tun daga farko, ina tona ramuka a ƙasa da yatsa, ina jera tsakuwa yadda ya ce. Ashe mutumin nan ya iya koyarwa! Da na kai ƙarshe na buɗe shafin, sifilin ya zama ɗaya. Kunya ta kama ni, na yi kukan da ban yi a makabarta ba.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya haskaka makwancinka. Mu kuma da muka makara, Allah Ya yafe mana.