Bandar Kifi a Madadin Ladan Fassara

'Yan uwa, an raina ni, kuma ban haƙura ba.

Alhaji Sabo na Auyo ne ke karɓo mana aikin fassara daga wani kamfanin waje. Wata guda ina fassara masa bayanan lafiya a wayata. Jiya sai ga ɗan acaɓa da kwandon bandar kifi, wai ladana ke nan!

Na kira shi. Ya ce, "Hajiya, ke da makarantar yaƙi da jahilci kawai kika yi, ai wannan ma alheri ne."

Na ce, "Alhaji, kai da tarwaɗa suke biyan ka?"

Ya kashe waya.

Yau da sassafe na ajiye masa kifinsa a ƙofar gida, na rubuta wa kamfanin da kaina, su san mai yin aikin.