Shafukan Godiya

A ofishin masu neman digiri na uku a kimiyya, sakatariya tana kallon dattijon da ke gabanta, yatsunsa duk tabon sinadari. Da gani, a ɗakin gwaje-gwaje ya yi furfura, yana haɗa wa ɗalibai kayan aiki.

"Baba, sai da binciken da aka buga da sunanka," in ji ta.

Ga shi yana jera mata takardu, shafukan godiya ne daga kundayen daktocin da suka bi ta hannunsa. Ya ja wa sunansa layi. A guda biyu ma "da sauransu" ya ja wa.

"A sama ake son sunan, Baba."

Yana lallaɓa takardun cikin jaka, ya ce, "To, 'yata. Ni dai nan suka ajiye ni."