Gashin Gemuna da Jami'a Ta Ara

Shekarun baya, lokacin ɗiyata ta tsakiya tana jami'a a birnin Madani, wana ya yanke hukunci cewa bayan sallar layya ba za ta koma ba. Mun tura ta don ta zama likita, sai labari ya iso ƙauye cewa ta koma karatun fizya, wai sanin haske da ƙananan abubuwan da ido ba ya gani. Wana ya ce haske kam muna da shi kyauta a nan yankinmu na Jazira, har ya yi mana yawa. A gidanmu uba ba ya magana kan ɗiyarsa in wansa na raye. Sai na shiga dabara.

Dabarar ita ce in tura masa mutum biyu a zama guda: limamin masallacinmu, da babbar yayarmu Hajiya, wadda ta goya shi. Ban gama firamare ba aka mayar da ni hawasha, wato gonarmu ta ban-ruwa, noman auduga, amma ɗan lissafin da na tsira da shi ya nuna mini ƙofa biyu ta fi ɗaya shigo da iska.

Kafin ranar na ce wa yarinyar, "Ke ustaza, zo ki nuna mini abin da nake shirin ɓata zumunci a kansa."

Da tsakar rana ta kai ni ɗakin ajiyar dawa, ta toshe taga da buhu, ta fito da 'yar tocila mai jan haske siriri kamar tsinke.

"Baba, ara mini gashi ɗaya."

"Na kai ya ƙare tun kina goye."

"Na gemu nake nufi."

Ba ta jira izini ba. Ta miƙe gashin a bakin tocilar, ta haska bango. Na zaci zan ga ɗigo ɗaya da inuwar gashi a tsakiya. Sai ga jerin jajayen ɗigo, tsakaninsu duhu, kamar shuka a kan kunya.

Ta ce hasken hanya biyu gare shi, dama da hagun gashin. A wani wurin hanyoyin su ƙarfafa juna, a wani su kashe juna. Ta ɗora yatsa kan wani duhu. "Nan, in aka toshe hanya ɗaya, haske zai iso. An buɗe biyun, babu."

"Wato an ƙara ƙofa, baƙo ya ragu."

"A wannan wurin, haka ne."

Ta ce masana suna yin gwajin da ƙwayar haske ɗaya-ɗaya. Ba mai iya faɗin inda ƙwaya za ta sauka, sai dai a ce nan ya fi yiwuwa. In kuma ka sa na'ura don ka gane ta wace hanya ta bi, jerin ya watse. "Amsar ba a ajiye take tana jiranka ba, Baba. Yadda ka yi tambayar, da abin da ka haɗa ta da shi, yana cikin amsar."

Na ce, "Wannan ai baffanki kike karantawa."

Na tsaya ina kallon duhun nan. Wana na jin nauyin liman, yana kuma tsoron Hajiya. Amma a haɗe, ba zai yarda liman ya ga mace ta juya shi ba, ba zai kuma yarda Hajiya ta ga bare ya sa baki a gidanmu ba. Da na tara su, da na kai ɗiyata daidai inda ta ɗora yatsa.

Na je na ce wa liman ya huta. Na ga har ajiyar zuciya ya yi. Hajiya ta tafi ita kaɗai da hantsi, da jabanarta, wato butar gahawa. Na so in laɓe bayan zana, sai na tuna an ce sa ido na ɓata gwaji, na wuce bakin tur'a, magudanar ban-ruwa, ina kallon ruwa na shiga gonakin mutane.

Bayan la'asar wana ya leƙo, fuska a ɗaure. "Yarinyar nan yaushe motarta? Kai kada ka sa ta makara da sakarcinka."

Na ce, "To, Yaya."

Da na yi mata bayanin yadda na yi aiki da iliminta, sai ta ce, "Baba, wannan ba fizya ba ce, sanin halin Baffa ne kawai."

Na ce, "Da gemun wa aka yi gwajin?"

Yau ita ke koyar da 'ya'yan wasu. Wana, Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya yana cewa bai taɓa nufin hana ta ba. Ban taɓa yi masa musu ba, don a nawa binciken ba shi da nufin komai sai da aka tambaye shi. Gurbin gashin kuwa yana nan a haɓata, ko da yake ni kaɗai ke ganinsa. Duk wanda ya raina karatuna a majalisa, sai in nuna masa wurin, in ce ni dai ban shiga jami'a ba, amma gemuna ya shiga, ya kuma fito da shaida.