Takardar da Ta Faɗo Daga Littafin Mama

Har yau in na ji warin kananzir sai gabana ya faɗi kafin in gane dalili. Wasu risho yake tuna musu, ko fitilar ƙwai. Ni kuwa laburaren Mama yake kawo min, wani dogon ɗaki mai rufin kwano a makarantar 'yan mata a Ƙaura Namoda, inda take zuba kananzir a gwangwanayen madara, ta dasa ƙafafun kantocin littattafai a ciki don kada gara ta hau.

Mama ce mai kula da ɗakin. Ɗalibai Malama suke ce mata, kuma suna shakkarta fiye da shugabar makaranta. Ba a shiga mata da ƙuli-ƙuli a aljihu, ba a lasar yatsa a buɗe shafi. Ni ce 'yarta ta fari, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai "ke". In an tashe mu daga firamare can nake wucewa, kuma dokoki biyu ta kafa min. Duk littafin da aka dawo da shi, a kama shi a girgiza kafin a mayar kan kanta, domin 'yan mata ba abin da ba sa mantawa a ciki, daga wasiƙa har tsinken kitso. Ta biyu kuma, in na ci karo da kalmar da ban sani ba, kada in tambaye ta. Da leɓe take nuna min katon ƙamus na Turanci da Hausa da ke kan teburinta, ta ci gaba da aikinta.

Shekarar da nake ba ka labari jiharmu ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba, ga shari'a sabuwa fil. Mata sun daina hawa kabu-kabu, sai muka koma tafiya da ƙafa, ni da ita. A wannan tafiyar na lura ta daina rataya jaka a kafaɗar hagu. Na kuma lura tana tsayawa ƙarƙashin wata darbejiya wai tana gyara takalmi, alhali takalmin lafiyarsa lau.

Wata Alhamis ta fita zuwa ofishin malamai ta bar ni da tulin littattafai. Akwai ɗaya a bakin jakarta, na zaci cikinsu yake. Na girgiza shi kamar yadda aka koya min, sai takarda ta faɗo. Ta asibitin Sakkwato ce, da sunan Mama a sama. Kalmomi biyu ne ban gane ba, na je na buɗe ƙamus. Ta farko ya ce min ciwon daji. Ta biyu ya ce tiyata, ga kuma kwanan wata a gefenta, cikin hutun da ke tafe. Na mayar da takardar, na zauna.

Ka san a wajenmu ba a kama sunan wannan ciwo, sai dai a ce "ciwon nan" a rage murya. Kuma kowa ya yarda ba a taɓa shi da ƙarfe, ko wuƙa ko allura, wai in ya ji ƙarfe fusata yake ya bazu ko'ina. Ni da kunnena na ji haka a gidan makoki, lokacin da wata maƙwabciyarmu ta rasu wata guda bayan an yi mata aiki. Ba wadda ta ce an makara kai ta. Cewa suka yi ƙarfe ne ya kashe ta. Shekarata goma sha ɗaya, kuma abin da na karanta a takardar nan shi ne an sa ranar da za a kashe uwata, ita kuma ta yarda.

Kwana tara ina ɗauke da maganar. Tuwo ba ya wucewa. Baba direban babbar mota ne, yana ɗaukar shanu daga Shinkafi zuwa Kudu, sai ya yi mako uku ba mu gan shi ba. Ana cikin haka Kaka, mahaifiyar Mama, ta zo daga Gurbin Bore da gero da daddawa kamar yadda ta saba bayan girbi. Tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida na tsuguna kusa da ita, na faɗa mata duka.

Bayan la'asar ta kira Mama. Ina bakin madafa, ina jin su.

"Mi nika ji? Wai ƙarhe za ki bari a sa miki?"

"Inna, ɗan ƙarami ne tukuna. Likita ya ce in anka cire shi yanzu, akwai sa rai."

"Karatun boko ya kai ki nan? To ki ji da kyau. In kinka bari anka yanke nonon ga, ni kau ban yahe nawa da kinka sha ba."

Na ga Mama, matar da malamai maza suke sassauta murya a gabanta, ta durƙusa ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce, "To, Inna." A ranar, Allah Ya yafe min, daɗi na ji. Na ci tuwo har da ƙari.

Hutu ya zo ya wuce, ba wanda ya je Sakkwato. Sai mai magani daga wajen Galadi, da sassaƙe, da jiƙo mai ɗaci, da wani baƙin gari da ake kwaɓawa a shafa. Baba ya dawo ya so ya yi magana, amma wa zai ja da surukarsa a kan 'yarta? Mama ta sha duk abin da aka ba ta, ba ta taɓa zubarwa ba. Ta ci gaba da zuwa aiki cikin zafin bazara, tana buga hatimi da hannu ɗaya, ɗayan a naɗe cikin hijabi. Kafin ruwan farko ɗakinta ya soma wani wari da turaren wuta ya kasa rufewa.

Kada ka ɗauki Kaka a muguwa. Ta bar gonarta ta dawo gidanmu, da hannunta take wanke ciwon safe da yamma, ba ta taɓa kau da fuska ba. Da damina ta yi nisa ita da kanta ta kama ƙafar Baba tana kuka, ta ce a kai Mama ko'ina ne, ta janye maganarta. Aka kai ta asibiti. Kwana huɗu suka dawo da magungunan rage raɗaɗi kawai.

Duk watannin nan tsoro biyu nake kwana da su nake tashi. Ɗaya na mutuwarta. Ɗaya kuma, wanda nake jin kunyar faɗa ya fi cina, shi ne ranar da za ta tambaye ni wa ya gaya wa Kaka. Duk sanda ta ce "ke", sai in zaci tambayar ce ta zo. Ba ta taɓa tambaya ba. Wata hantsi ina yi mata fifita, idonta a rufe, sai ta lalubo hannuna.

"Ke. Kin yi daidai da kinka duba ƙamus. Sai dai wannan karon, da ni kinka tambaya."

Abin da ta faɗa ke nan a kai, ba ta ƙara ba. Ta rasu ana daf da yankan gero. Kaka ta yi shekara shida bayanta, kuma ni da ita ba mu taɓa tayar da zancen ba, ko da mun kaɗaita.

Yanzu na girmi Mama. Hanyar Gurbin Bore ta zama sai da addu'a, rabona da ita na manta. 'Yan mata suna karatu a waya, ana ma maganar ciwon nan a rediyo da sunansa ƙarara. Amma watan jiya da na ji wani ƙullutu a jikina na je aka duba, ƙanwar mijina ta ja ni gefe ta raɗa min in yi hattara da ƙarfe. Jibi ne ranar tiyatar da aka ba ni.

Ina da 'ya mai shekara goma sha biyu, mai sa ido kamar ni. Jiya da yamma na zaunar da ita na gaya mata komai da bakina, na ce ta tambaye ni duk abin da take so. Ta ɗago ta dube ni.

"Umma, yanka ki za a yi?"

Na ce e.

"Kina jin tsoro?"

Na ce sosai ma, amma zan je.