Kazar da ta hana mu zuba kankare

Jama'a, yau kaza ta cece ni daga abin kunya!

Muna aikin gadar nan ta hanyar Kwoi, wadda motocin citta za su riƙa bi. An kafa ginshiƙai huɗu a cikin rami, ni kafinta na kewaye su da katako, saura a zuba kankaren da zai rufe kansu.

Sai kazar da Mama Laraba mai abinci za ta yanka mana ta kuɓuce, ta faɗa ramin! Ta zaga ginshiƙai uku lafiya lau. A na huɗu ta maƙale jikin katako, tana ihu.

Injiniya Danladi ya ce, "Tsaya! Yaya kaza za ta maƙale a nan?"

Ya sauka da tef ɗin awo. Tsakanin ginshiƙin da katako inci uku ne, maimakon shida! Ya ce da mun zuba, gefen nan zai tsage, damina ɗaya rodi ya fito waje.

Nan da nan na sauka. Na ɓalle katakon, na matsar da shi.

Mama Laraba ta taho da wuƙa. Injiniya ya rungume kazar ya ce, "Mama, kawo tuwon haka. Ba a cin sufeto."